Ranar da 'Yan Gatan Farfesa Suka Zube

Ku da kuka dame ni da tambaya a ƙasan rubutuna, wai me ya sa a kowane hoto hannun rigata har wuyan hannu ko ana zafi kamar a gasa mutum, to yau ku gyara zama. Ba ustazanci ba ne, ba kuma ƙyanda na yi ba. Sauro nake shayarwa.

E, abin da kuka karanta shi na rubuta. Ina digiri na biyu a sashen nazarin halittu, kuma a sashenmu kowane babban malami da binciken da ya sa a gaba, shi da ɗalibansa. Masu kifi suna ƙasa, ƙarni kaɗai ya ishe ka kwatance. Masu irin shuka suna can baya a ɗakin gilashi. Masu ƙwayoyin cuta ko hannu ba sa ba mutum. Mu kuwa 'yan Mama Farfesa ƙarshen baranda aka kai mu, ɗaki mai ƙofa biyu da labulen raga, muna kiwon sauro yadda wasu ke kiwon kaji.

A cikinsu akwai waɗanda muke kira 'yan gata. Tun ina firamare Mama Farfesa take riƙon zuri'arsu, kaka da kakanni ba su taɓa shaƙar maganin sauro ba. Da su ake awo. In an kamo sauron gari ana so a san ko magani ya daina cin sa, sai a gwada a kansa, a gwada a kan 'yan gata, a ga bambanci. In babu su babu awo, in babu awo babu tallafin da ke riƙe da ɗakin, ni kuma digirina ya bi ruwa.

Macen sauro ba ta ƙwai sai ta sha jini. Na'urar da ake ɗumama musu jini ta lalace tun kafin in zo, su kuma gatan ya yi musu yawa, ko an kawo musu zomo su sha jininsa, kallonsa ba sa yi. Sai hannun mutum. Ku kwantar da hankalinku, a keji aka ƙyanƙyashe su, babu cuta a bakinsu. Ƙaiƙayi ne kawai da tabo, su kuwa na tara su har na gaji.

Dokar ɗakin ba a bango take ba. Mama Farfesa ce ke tsayawa a ƙofa ta shinshina mutum. Ba turare, ba sabulu mai ƙamshi, ba man shafawa sai farin basilin. Ba a fesa magani a ɗakin da kake kwana, ba a kunna na hayaƙi kusa da kayanka. Ta taɓa mayar da wani babban baƙo daga bakin ƙofa saboda ya fesa turare a hularsa. Dattijuwa ce mai ciwon gwiwa, tana jan ƙafa ɗaya, tun daga matakala ake gane tafiyarta, kowa ya shiga taitayinsa.

To ku haɗa da kanku: budurwa ba turare, hannu duk ƙuraje. Ummata ba ta taɓa yafe wa wannan karatu ba.

"Kowa ya kai 'yarsa jami'a ta dawo likita, ni tawa ta dawo abincin sauro," haka take cewa duk ranar da ta ga na naɗe hannun riga zan yi alwala.

"Umma, ilimi ne fa."

"Ilimin ne ya ce ki koma kamar wadda ta faɗa gidan rina? Ni da nake raba dare ina kore muku su, yau ke ce kike kai musu kanki har gida."

Ƙanwata da ke bi min zazzaɓin cizon sauro ne ya ɗauke ta tana ƙarama, a cinyar Umma ta cika. Saboda ita na zaɓi wannan karatu, saboda ita kuma Umma ta tsane shi. Ba mu taɓa faɗa wa juna haka ba, amma kowa ta sani.

Sai Dakta.

Malami ne a sashenmu, dogo, mai sauƙin murmushi, bincikensa a kan man da yake tatsa daga 'ya'yan itatuwa don kashe ƙwari. Ranar da ya fara ganin hannuna bai kauda kai ba kamar sauran maza. Washegari sai ga shi da kwalbar maganin ƙarin jini, ya ajiye min a tebur.

"Tunda ana tatsar ki, Malama ƙarama, bari mu riƙa mayarwa."

Ya daina sa turare don kawai ya iya tsayawa kusa da ƙofar ɗakinmu ya jira ni. Ku faɗa min tsakani da Allah, wace ce ba za ta faɗa ba? Na faɗa, kuma ba faɗuwar wasa ba. Ina son sa. Yanzu ma da nake rubutun nan na sa yatsa zan goge wannan kalmar, na kasa.

Umma kuwa kamar ta goya shi. Yana zuwa zai durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya tambayi hawan jininta, ya gyara mata wayarta. Ta ce ita dai ta ga ɗa, saura kawai danginsa su zo su ga 'ya.

Magana ɗaya ce ba ma jimawa a kanta ni da shi. Akwai wani mai da ya daɗe yana wahala a kansa, yana ji da shi kamar ɗan fari.

"Ba wari, ba launi," yakan ce, idonsa har ƙyalli yake. "Kuma ba ya korar sauro. Barinsa yake ya sauka ya saki jiki, sannan ya gama da shi."

Matsalar ita ce masu duba bincike ba sa karɓar sakamako sai an gwada a kan sauro irin 'yan gata, kuma babu mai su sai Mama Farfesa. Ya roƙe ta, ta ce ya bi layi, sai kwamiti ya zauna, sai zuri'ar ta ƙara yawa. Shi kuma tsararrakinsa duk sun wuce shi da ƙarin girma, har da wasu da ɗalibansa ne a da. Wata rana yana sauke ni a mota ya kashe rediyo.

"Keji ɗaya kawai, Malama ƙarama."

"Ba nawa ba ne."

"Jininki ne a cikinsu, amma ba naki ba ne?"

"Dakta, kar mu ɓata."

Ya yi dariya, ya ɗaga hannu biyu sama. "Na bari, ranki ya daɗe."

Na ɗauka ya bari.

Sai ga zafin bana. Wuta ta ɗauke a ƙarshen mako, janaretan sashe ya ƙi tashi, esin da ke sanyaya ɗakinmu ya yi shiru. Da muka buɗe ƙofa ruwan da tsutsotsin sauron ke ciki ya yi ɗumi kamar na wanka, duk sun taso sama ba sa motsi. Shi kuma ƙwan wannan sauron ba ya ajiyuwa, yana bushewa ya mutu. Abin da ya rage daga zuri'ar gaba ɗaya keji biyu ne na manya. In sun sha jini sun yi ƙwai, an tsira. In ba su yi ba, an rufe babi.

Mama Farfesa ta dafa kafaɗata. "Ɗiyata, ke kaɗai suke sha ba gardama. Ki bar su su huta su ji yunwa, ranar Asabar ki ba su. Zan leƙo in gani da idona. Amana ce."

Ina fita na rubuta wa Dakta.

"Saura keji biyu kacal. Wallahi tsoro nake ji."

"Allah zai tsare. Yaushe za ki ba su?"

"Asabar da safe."

"Asabar ɗin da su Hajiyata za su zo ganinki?"

"Ai da yamma za su zo."

Ya turo min hoton zuciya har uku. Na yi murmushi ni kaɗai a kan matakala kamar wawuya.

Ranar Asabar tun asuba Umma take kan ƙafarta. An canza labulen falo, an fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba ma taɓawa sai da baƙi, an goge talabijin har bayanta. Rigar da zan sa tana rataye a ƙofar ɗakina, doguwa ruwan zuma, da aikin zare a wuya, hannunta mai faɗi, irin wanda in ka ɗaga hannu yake zamewa har gwiwar hannu. Ni na so mai matsattsen hannu, tela ya ce an daina yayinsa, Umma ta goya masa baya, yanzu kuma ita ce ke kallon rigar tana ajiyar zuciya.

"Uwar miji ido gare ta, 'yar nan. Kina miƙa mata kofi hannu za ta fara kallo. Yau ɗaya ki haƙura da sauron nan."

"Ba zan iya ba, Umma. Yau ɗin ce ma ba zan iya ba."

Na shirya wa faɗa, sai ban samu ba. Ta dube ni, ta ɗauko kwalbar basilin ɗina a kan madubi, ta zauna a bakin gado.

"To zo nan. Kawo hannun."

Rabon da Umma ta shafa min mai tun ina 'yar makaranta. Ta kama hannuna ta ɗora a cinyarta, tana murzawa a hankali daga wuyan hannu zuwa gwiwa, tana bin kowane tabo da yatsa, bakinta na motsi da addu'a. Ta gama na dama ta koma na hagu. Na ji man ya fi kullum laushi, na ce a raina zafi ne ya narkar da shi. Gaskiyar magana ban ma tsaya tunani ba, ƙoƙari nake kar hawaye ya zubo min. Na ɗauka sulhu muke yi.

Sashe tsit, ba kowa sai mai gadi a ƙasa. Na shiga ƙofa ta farko na rufe, na buɗe ta biyu. Ɗakin da ɗuminsa, yana warin jiƙaƙƙen tsumma kamar kullum. Na sa farar rigar aiki, na naɗe hannuwa, na cire audugar ruwan sukarin da ke saman kejin, na rage haske saboda a duhu suka fi sakin jiki. Keji biyun suna gefe da gefe a kan tebur, kowanne da farar takarda a shimfiɗe a ƙasansa. Na zauna a tsakiya, na zura dama a ɗaya, hagu a ɗaya. Haka nake yi tun da na fara, don in gama wahalar lokaci guda.

Suka sauko. In baku taɓa ji ba, da farko kamar ana taɓa ka da gashin tsuntsu ne, sannan zafin ya biyo baya.

"Ku sha, 'yan gata," na ce musu. "Ku sha ku yi mana ƙwai."

Ina kallon cikinsu yana cika yana yin ja. Ban taɓa ganin sun sauko da yawa haka ba, har na ce alhamdulillahi. Wadda ta ƙoshi takan tashi da nauyi ta je ta manne a jikin raga ta huta. Ta farko ta tashi, ta yi wani juyi, ta faɗo ta baya, ƙafafunta na harbin iska. Na ce ƙoshi ne ya yi mata yawa. Ta biyu ta faɗo. Daga nan sai na fara jin wani ɗan sauti a kan takardar, kamar ana yayyafa yashi.

Na fizge hannuwana. Na kunna fitila. Na hura musu iska ta raga, na mayar da audugar sukari, na jijjiga kejin, har magana na yi musu. Waɗanda ke manne a hannuna ma suka saki suka zube a ƙasa. Kafin in gama salati fararen takardun nan sun cika da jajayen ɗigo, wasu na motsi kaɗan, sannan suka daina. Na duba raga sama da ƙasa ko zan ga guda ɗaya a tsaye. Babu.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Dakta ne.

"Kin ba su?"

Na rubuta, "Sun mutu. Duka sun zube."

Na ga yana rubutu. Amsar ta shigo.

"Cikin minti nawa?"

Ina kallonta ta ɓace, aka bar min layin nan da ke cewa an goge saƙo. Sai wani ya shigo a madadinsa: "Innalillahi! Sannu, me ya faru?"

Amma na riga na gani. Abin da ido ya gani ba a goge shi da yatsa.

Na dubi hannuwana suna sheƙi a ƙarƙashin fitila. Na kira Umma. Ta ɗauka da muryar farin ciki, ina jin ƙarar tukunya a bayanta.

"Umma, me kika zuba a basilin ɗina?"

Ta yi 'yar dariya irin ta wanda aka kama yana alheri. "Au, har kin gane? To bai tashi ba ko? Shi ya ce in kin shafa kafin ki shiga, cizon ba zai kumbura ba."

"Wa ya ce?"

"Dakta mana. Jiya ya kawo min a 'yar kwalba, ya ce in juya miki a naki kar in faɗa, wai taurin kai gare ki, ba za ki yarda ba. Yaron nan yana tausayinki, 'yar nan. Lafiya na ji muryarki haka?"

"Lafiya lau, Umma."

Na kashe. Da ɗan gari kan ci gari. Bai samu hanya ta wajen Mama Farfesa ba, bai samu ta wajena ba, sai ya bi ta wajen matar da ta binne 'ya saboda sauro, ya sa mata gubar a hannu ta shafa min tana addu'a. Wannan ya fi mutuwar sauron yi min ciwo.

Kiransa ya shigo. Na ɗauka.

"Ki saurare ni, don Allah ki saurare ni," ya ce, yana haki kamar wanda ya yi gudu. "Na ɗauka ɗaya za ki fara ba, ki gani, ki tsaya. Ban san duka biyun kike ba su tare ba."

"Na faɗa maka biyu suka rage."

"Na sani. Na yi kuskure, zan gyara, zan nemo mata wasu ko daga ina ne. Amma yanzu ki tashi ki wanke hannunki. Da sabulu sosai, har sama. In ta goga auduga a fatarki ta kai wa masu sinadarai, babu wanda bai san man waye ba a sashen nan."

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Za a ce zafi ne ya ƙarasa su, kowa zai yarda. Aikina ne, Malama ƙarama. Aurenmu ne. Ki tuna Umma, da hannunta ta zuba, kina so ta sani? Hajiyata tun safe take shiri." Muryarsa ta karye, na ji tausayinsa, Allah ya sani na ji. Sai ya ƙara da ƙaramar murya, "Kuma in kin tuna mintin, ko a ranki ne, ki riƙe min."

Na sauke wayar daga kunnena.

Akwai famfo a kusurwar ɗakin, da farin sabulu marar ƙamshi a gefensa. Na je na buɗe ruwan. Na ɗauki sabulun. Gaba kura baya siyaki: in na wanke, da yamma zan sa riga ruwan zuma in miƙa wa mahaifiyarsa kofi, Umma ta yi barci da murmushi, ni kuma in zauna da mutumin nan har ƙarshen rayuwata ina sane da abin da ya fara tambaya. In ban wanke ba, na tona shi, na tona Umma, na mayar da baƙi daga bakin ƙofa. Kar wadda ta ce min da ita ce da tuni ta yanke. Ba ke kika tsaya a gaban famfon nan ba.

Ruwa na zuba, ni ina tsaye, sai na ji tafiyar a matakala. Taku, ja. Taku, ja.

Ƙofa ta farko ta buɗe ta rufe. Ta biyu ta buɗe. Mama Farfesa ta shigo da fara'arta, har ta buɗe baki za ta yi min tsiya, sai idonta ya sauka a kan kejin. Ta matsa. Ta sunkuya ta daɗe tana kallon takardun. Ta cire tabarau, ta laluba kujera ta zauna, a lokacin na fara ganin tsufanta.

"Kakanninsu da kaina na ɗebo su a kududdufi," ta ce, ba da ni take ba. "Ina da cikin autana."

Na fashe da kuka. Ta ɗago ta dube ni, ta girgiza kai.

"Zafin nan ne ya ƙarasa su ko? Dama na ji tsoron haka. Yi shiru, ɗiyata, ba laifinki ba ne, kin ba su har jininki. Wanke hannunki ki tafi gida. Na ji an ce yau kina da baƙi."

Kun ji fa. Da bakinta ta buɗe min ƙofar, ba sai na yi ƙarya ba, ba sai na ce komai ba. Ruwa kawai zan tara.

Na ajiye sabulun a inda na ɗauke shi. Na rufe famfon. Na buɗe durowa na ɗauko auduga da ƙaramar kwalba mai murfi, na ajiye a gabanta, na durƙusa, na miƙa mata hannuwana biyu.

"Mama, kafin in wanke, ki goga."

Ta dube ni, ta dubi hannuwan suna sheƙi, fuskarta ta canza a hankali. Ta mayar da tabarau, ta ɗauki audugar. A aljihuna waya na ta rawa, na san Umma ce, za ta ce in dawo da wuri in sa rigar.